Fassarar da Malam Ke Tsoro, An Daɗe Ana Yin Ta a Kasuwar Dole

Wani abokina mai sayar da siminti da kwanon rufi a Sabon Garin Damagaram ne ya miƙo mani maƙalar, ya ce in karanta in gaya masa ko da irinsu ake. Marubucinta malami ne da ya daɗe yana koyar da lissafin kuɗin kamfanoni, kuma da ganin alƙalaminsa ka san ba ɗan koyo ba ne. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne maganar da ta bazu tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun daga nan ake jin masu cewa a fara juya dokokin kasuwanci da takardun lissafi zuwa Hausa. Malam ya ce kada a soma. A ganinsa kowace kalma ta lissafin kamfani tana da iyakar da doka ta shata mata, Hausa kuwa da kalma guda, hannun jari, take rufe abubuwa uku ko huɗu, saboda haka duk wanda ya fassara zai jefa mutane cikin rigimar shari'a ne kawai. Ya ce juya irin waɗannan kalmomi daga Ingilishi zuwa Sifaniyanci ko Faransanci abu ne mai sauƙi domin harsunan tare suka girma da kamfani, amma Hausa ba ta san kamfani ba sai jiya-jiya. Shawararsa ita ce a bar littattafan lissafi cikin Faransanci, mai son ya gane ya ɗauki kontabul, in kuwa ta kama dole a faɗa da Hausa, a ari kalmar Faransancin yadda take a lanƙwasa ta a baki.

Na ce wa abokina lallai da irinsu ake. Kuma ina girmama tsoron Malam, don ba tsoron banza ba ne. Sai dai ya makara. Fassarar da yake roƙon kada a fara, ana yin ta kowace safiya a garin nan, a ofishin noter mai tabbatar da takardun yarjejeniya, a gaban ma'aikacin lampo, a teburin banki, a shagunan Kasuwar Dole. Mai yin ta wani lokaci kontabul ne, wani lokaci ɗan mai gida da ya yi boko, wani lokaci direban da ya ɗan ji Faransanci. Da baki ake yi, ba wanda ke dubawa, ba wanda ke gyarawa, kuma in an yi kuskure iska ta tafi da shaidar.

Na gani da idona. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar wake ne da fata. Shi da abokansa biyu suka haɗa kuɗi suka yi rajistar kamfani irin wanda ake kira SARL, don ba a ba mutum kwangilar kawo kaya sai da takardu. Da shekara ta zagayo, wani saurayin kontabul ya zo da takardar da ake kira bilan, mai gefe biyu. Kawu ya sa aka kira ni in zauna. Yaron ya shimfiɗa takarda bisa tabarma ya ce, "Alhaji, wannan gefe na hagu shi ne actif, wato dukiyarku. Na dama shi ne passif, wato bashi." Kawu ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa kan layin farko na gefen dama, ya ce, "To wannan miliyan tara fa, ɗana?" Yaro ya ce, "Jarinku ne da kuka zuba, Alhaji." Kawu ya yi shiru. Can ya ce, "Jarin namu ne ya koma bashi? Wa ke bin mu?" Yaron ya fara kame-kame, ya koma Faransanci. Kawu bai ƙara cewa komai ba, amma na ga inda zuciyarsa ta nufa: yana zaton ɗaya daga cikin abokan ya je ya jinginar da jarin a ɓoye. Mako biyu suna gaisuwa sama-sama da mutumin da suka yi shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya.

Yaron bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ya faɗa. A tsarin lissafin da ake bi a nan, wanda ake kira SYSCOHADA, jarin masu kamfani da bashin banki da kuɗin da masu kawo kaya ke bi duk a gefen dama ake jera su, saboda gefen yana amsa tambaya guda ce: daga ina dukiyar ta fito? Gefen hagu kuma yana amsa ta biyu: yanzu tana ina, cikin mota take, ko cikin mangaza, ko a hannun waɗanda aka ba kaya lamuni, ko a banki? Shi ya sa jimlar gefen biyu ba ta taɓa saɓawa, dukiya ɗaya ce aka ƙirga ta fuska biyu. Ranar da na samu na zauna da Kawu na ce masa, "Kawu, gefen dama mafitar dukiya ne, na hagu mazauninta," sai ya dube ni ya ce, "To me ya hana yaron nan ya faɗi haka?"

A nan shawarar Malam ta aro take faɗuwa. A ce yaron ya bi ta, ya ce pasif. Kawu zai ce, mene ne pasif? Yaron zai ce bashi. An dawo gidan jiya. Kalmar aro buhu ce, sai abin da aka zuba mata, kuma mai zubawar shi ne dai wannan yaron da ba wanda ya zauna ya shirya masa Hausar abin. Ba na ƙin aro. Banki da kamfani da cak da rasit duk baƙi ne da suka zama 'yan gida, kuma wanda ya ce a kore su bai da aikin yi. Amma sun zauna ne domin mutane sun taɓa abin da hannunsu, sun ga ginin banki, sun riƙe rasit. Passif ba a taɓa shi da hannu.

Ko lambobin kansu sai an fassara su, abin da Malam bai ko ambata ba. Takarda za ta ce 100, mutumin kasuwa ya ce dala ashirin. In ka karanta masa 100 ka ce ɗari, shi 500 ya ji, don ɗarin kasuwa dala ɗari ce. Takarda ta ce 5,000, ya ce jika biyar. Duk kontabul ɗin da ke aiki a Damagaram yana wannan juyi a kansa sau ɗari a wuni ba tare da ya kira shi fassara ba, kuma ba a ji an rufe kasuwa saboda shi ba.

Sai batun cewa tsakanin harsunan Turai abin yana tafiya sumul. Ban san inda Malam ya samo wannan ba. Ribar kamfani a Sifaniya beneficio ce, a Meziko utilidad. Abin da ya rage wa masu kamfani bayan an cire bashi, a Madrid patrimonio neto ake ce masa, a Meziko capital contable. Mutumin da shi ne ainihin mai cin moriyar kamfani ko da sunan wani ke takarda, Sifaniya na ce masa titular real, Kolombiya da Peru beneficiario final, Meziko beneficiario controlador. Harshe ɗaya ne fa. Mai fassara daga Ingilishi sai ya fara tambayar ƙasar da takardar za ta je kafin ya ɗora alƙalami. Kalmar share ta Ingilishi ma, wadda take guda, in ta isa Sifaniya sai ta rabu biyu, acción a babban kamfani, participación a ƙarami, kuma wanda ya cuɗa su ya ɓata takarda. Hatta matsalar Kawu sun sha ta: Ingilishi ba ya sa jarin masu kamfani cikin liabilities, Faransanci yana sa shi ƙarƙashin passif, tsarin lissafin Sifaniya na 2007 kuwa ya rubuta sunayen biyu a kan gefen, jari da bashi, kowane da kansa. Ba wanda ya ce saboda wannan ruɗani a bar lissafi cikin Ingilishi, mutumin Sifaniya ya nemi tafinta.

Dokar da Malam ke karewa ita kanta ta bi ta wannan hanya. An sa hannu kan yarjejeniyar OHADA, wadda dokokin kasuwancinmu suka fito daga gare ta, a Port-Louis ta tsibirin Moris ranar 17 ga Oktoba 1993, da Faransanci kaɗai a matsayin harshen aiki. Amma cikin ƙasashe 17 da ke ƙungiyar yau akwai Ikwatoriyal Gini mai Sifaniyanci, da Gini Bisau mai Fotugisanci, da Kamaru mai yankin Ingilishi. Da aka sake duba yarjejeniyar a Kebek a 2008, sai aka mai da harsunan aiki huɗu, aka kuma ce in fassarori sun saɓa, na Faransanci ne abin dogaro. Ga maganin tsoron Malam nan a rubuce cikin littafinsa: a fassara don mutane su gane, a bar asali ɗaya ya zama alƙali in an yi gardama. Rashin fassara kuma ba kyauta ba ne. Cikin koke-koken da lauyoyin yankin Ingilishi na Kamaru suka fito da su a yajin aikinsu na Oktoba 2016 akwai rashin dokokin OHADA cikin Ingilishi, kuma kowa ya san inda wannan wuta ta kai daga baya. Ban ce haka za ta faru a nan ba. Na ce dai mutum ba ya jin daɗin dokar da ke hukunta shi da harshen da bai ji.

Kalmomin da Malam ke ɗauka kamar daga sama suka sauko, na kasuwa ne. Lokacin da Luca Pacioli ya buga littafinsa a Benis a 1494 ya bayyana lissafi mai gefe biyu, abin da fataken Italiya suka riga suka daɗe suna yi ya rubuta. Har gobe Sifaniyanci na kiran gefen biyu na kowane asusu debe da haber, kalmomin da ɗan yaro ya sani, ɗaya daga bin bashi, ɗaya daga samu. Bilan asalinta ma'auni ne mai kwano biyu. Capital daga kai ta fito, kamar yadda Larabawa ke cewa ra'asul mali. Mu kuwa muka ce uwar kuɗi, kuma ni a ganina tamu ta fi kyau, don uwa ce ke haihuwa, kai ba ya haihuwa. Abin da ya mai da waɗannan kalmomin kasuwa na doka shi ne an zauna an rubuta iyakarsu, an koyar da su, alƙalai sun yi hukunci da su shekara da shekaru. Aiki ne aka yi, ba baiwa ba ce. Abin dariya ma, wasu kalmomin da muke zaton mun aro daga Faransa, kewayo suka yi. Duwan da muke biya a kan iyaka a Ɗan Barto daga douane ta zo, douane kuwa daga diwani na Larabci, wanda Sifaniyawa suka mai da aduana. Mangaza daga magasin, magasin daga makhazin, su kuma Sifaniyawa suka ce almacén.

Inda na fi saɓa wa Malam shi ne cewa Hausa ba ta san haɗa jari ba sai da Bature ya zo. A Damagaram ake wannan magana? Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe ƙasar daga 1851 zuwa 1884, unguwar Zango cike take da Larabawan Gadamas da Tarabulus da Buzayen Kel Ewey, ana tura gashin jimina da jemammiyar fata da hauren giwa arewa, ana kawo yadi da takarda da tsakiya kudu. Matafiyi Heinrich Barth ya sauka garin a ƙarshen 1852 yana jiran kuɗi da kaya su iso masa ta hamada. Ayari kan yi watanni a hanya. Mutum a Tarabulus zai ba da kaya ga wanda ba zai sake gani ba sai bayan shekara ko fiye, kuma a dawo a yi lissafi a raba. Malam Yaro, attajirin Zango da Faransawa suka tarar sa'ad da suka ci garin a 1899, da wakilai da wasiƙu yake gudanar da dukiyarsa a wurare masu nisa, kuma wanda ya karanta abin da Stephen Baier da André Salifou suka rubuta kan tarihin ƙasar nan ya san ba shi kaɗai ba ne. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa ba tare da kalmomin da ke rarrabe wane ne mai kuɗi, wane ne mai wahala, wa zai ɗauki asara in raƙuma sun mutu ba.

Kuma kalmomin suna nan. Bahaushe bai taɓa cuɗa rance da lamuni ba, ko jingina da ajiya, ko la'adar dillali da ladan ɗan dako. Ya san ciniki daban riba daban, shi ya sa mai shago zai ce maka an yi ciniki amma ba a ci riba ba, wanda shi ne dai bambancin chiffre d'affaires da bénéfice da ake kwana ana koya wa ɗalibai. Ya san kafin alƙalami. Uwar adashe ta san zubi da ɗauka, ta san wadda ta ɗauka da wuri bashi ne a kanta, wadda ba ta ɗauka ba ajiya gare ta. Dangantakar uban gida da baransa, wadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, tsari ne na ba da jari da wakilci mai ƙa'idodinsa. Bayan wannan duka akwai zaure. Ƙarni nawa malamanmu suna karantar da babin ciniki da tarayya da ƙiradi daga Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, ɗalibi na jan Larabci malam na juya masa da Hausa kalma bayan kalma? Wannan fassarar dokar kasuwanci ce, kuma ta girmi OHADA da ɗaruruwan shekaru. Ɗaya daga cikin littattafan ma daga ƙasar da ake kira Sifaniya yau ya taso.

Amma a nan dole in ba Malam gaskiyarsa, don wadatar kalma ita ma tana da tarko. Ɗauki kamfanin da doka ke kira société en commandite simple, inda wani ke zuba kuɗi ya koma gefe, wani ke tafiyar da aiki. Duk wanda ya yi karatun zaure zai yi tsalle ya ce ai ƙiradi ke nan. Kama da wane ba ta wane. A ƙiradi, in dukiya ta salwanta ba da sakaci ko ƙetare iyaka ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, mai aiki wahalarsa kawai ta tafi a banza, ba ya lamunce uwar kuɗi. A commandite kuwa mai gudanarwa yana ɗaukar bashin kamfani da dukan abin da ya mallaka, har gidansa, mai zuba kuɗi ne asararsa ke tsayawa kan abin da ya zuba. Wanda ya rubuta ƙiradi a kan irin wannan takarda ya yaudari mai aikin, ya sa shi ya sa hannu yana zaton gidansa na cikin aminci. Don haka mai fassara a wannan fage ba kalma yake nema ba tukuna. Tambayarsa ta farko ita ce, in abu ya lalace, kan wa zai faɗa? In amsar ta zo ɗaya a harsunan biyu, kalmar ta dace. In ta bambanta, a nemi wata ko a ƙara bayani.

Haka ma zancensa kan hannun jari gaskiya ne, kuma mu a gidanmu mun ɗanɗana. Da Kawu ya rasu aka zo rabon gado, Inna, matarsa, ta samu tumuninta, kuma cikin abin da ya faɗo mata akwai wani yanki na abin da Kawu ke da shi a kamfanin. Aka ce mata hannun jari ne. Ita kuwa abin da ta sani daga rediyo shi ne hannun jari ana sayar da shi kamar akuya, mai so ya saya. Ta shirya da ƙanenta zai saya ya ba ta kuɗi ta gyara ɗaki. Sai aka ce ba ta da wannan iko sai abokan Kawu sun yarda. Ta ce, "Abin nawa ne ko nasu?" Nata ne. Amma dokar kamfanoni ta OHADA, wadda aka sabunta a Wagadugu ranar 30 ga Janairu 2014, ta bambanta action ta babban kamfani irin SA, wanda jarinsa ba ya kasa Sefa miliyan 10, da part sociale ta SARL. Ta farko ana iya cinikinta. Ta biyu, in takardar kafa kamfani ba ta tsara wata hanya ba, ba a miƙa ta ga bare sai da yardar mafi yawan sauran abokan, masu riƙe da kashi uku cikin huɗu na abin da ya rage. Hikimar a fili take, SARL tarayya ce ta mutanen da suka san juna, ba a cusa musu baƙo. Inna da kanta ba za ta yarda a shigo mata da baƙuwa cikin adashe ba tare da an tambaye ta ba, kuma da aka kwatanta mata da haka nan take ta gane.

To amma daga nan ni da Malam muka rabu. Shi ya ga kalma ɗaya na ɗauke da kaya biyu ya ce a bar harshen. Ni na ce a sauke mata ɗaya. A bar hannun jari ga SA, a ce mai hannun jari. Na SARL a ce kaso, mai shi kuma abokin tarayya. Ba sabuwar kalma na ƙirƙiro ba, kowace tsohuwa ta san kaso, abin da ya rage shi ne a rubuta cewa daga yau a takardar kamfani ga iyakar kowace. Haka Sifaniyawa suka yi da tasu biyun.

Mafi wuyar duka, a ganina, shi ne fahimtar cewa kamfani mutum ne a idon doka, mai dukiyarsa da bashinsa daban da na masu shi. Wannan ne ma asalin ruɗanin Kawu. Ana cewa matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a Nuwamba 2011 arewa da Damagaram tana tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 cikin 100 na kamfanin CNPC na Sin ne, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Na sha jin mutane a majalisar shayi suna lissafin cewa ke nan cikin kowace tanka goma huɗu namu ne. Ba haka ba ne. Tanka da bututu da man da ke ciki duk na SORAZ ne, abin da masu jari ke da shi rabo ne a cikin SORAZ ɗin kanta: ƙuri'a, da kason riba in an yanke a raba. Shin Hausa na da abin da za ta kama wannan da shi? Je ka ƙofar fada a Birni ka tambayi kowane dogari ko tambari da kakaki na sarki ne. Zai ce maka na sarauta ne. Sarki na tafiya, sarauta na nan da kayanta, ba a sa su cikin gado. Mutanen da suka riƙe wannan bambanci tun kafin Tanimun ba za su kasa gane cewa motar kamfani ba ta Alhaji ba ce. Shi kuwa mai cin moriya na ɓoye, wanda Sifaniyanci ya yi wa suna uku, karin maganarmu ta daɗe da nuna shi da yatsa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da hukumomi ke nema a rubuta yanzu a duniya shi ne sunan gardin.

Akwai matsalar da ta fi duk wadda Malam ya lissafa, kuma bai gan ta ba saboda idonsa na kan Faransanci. Daga nan zuwa Kano tafiyar wuni guda ba ta cika ba, ta Matamaye da Kwangwalam da Daura, kuma ciniki mai yawa na garin nan da can yake. Hausa ɗaya, doka biyu. Can dokar CAMA ta 2020 ce da hukumar CAC, gadon Ingila. Nan OHADA ce da rajistar RCCM, gadon Faransa, kuma ƙarar ƙarshe Abijan take zuwa. Bakano zai ce darakta yana nufin ɗaya daga cikin masu kujera a kamfanin Ltd, Badamagare ya ji darakta ya ɗauka ma'aikaci ne babba da aka ɗauka, don shi mai tafiyar da SARL gérant yake ce masa. Idan aka kwafo kalmomin gidajen rediyon Kano da Kaduna aka liƙa wa dokar Nijar, za a yi ɓarnar da Malam ke tsoro, har ta fi. Ƙamus ɗin da muke bukata sai ya nuna, a gaban kowace kalma, ko ta wane gefen iyaka ce, kamar yadda mai fassarar Sifaniyanci ke tambaya Madrid ko Meziko.

Ba kuma a ofis za a haife shi ba. An taɓa irin wannan aiki a Nijeriya, Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da ya fito a 1990 ya yi wa nazarin harshe da adabi, kuma kalmominsa da suka rayu su ne waɗanda malamai suka ɗauka suka shiga aji da su. Na lissafi sai an zaunar da kontabul da noter da malamin zaure da dillali da uwar adashe a tabarma ɗaya, a kawo kalma a gwada ta a kunnen wanda zai sa hannu. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari, ba sai an je Yamai ba. Kuma ba da dokar manyan kamfanoni za a fara ba. Dokar lissafi da aka amince da ita a Brazabil ranar 26 ga Janairu 2017 ta ware wa ƙananan 'yan kasuwa tsari mai sauƙi, na abin da ya shiga da abin da ya fita, ga mai saye da sayarwar da cinikinsa bai kai Sefa miliyan 60 a shekara ba, da mai sana'ar hannu ƙasa da miliyan 40, da mai aikin hidima ƙasa da miliyan 30. Nan ne akasarin mutanen Dole suke. Shafi kaɗan ne, kuma kusan duk abin da ke ciki suna da sunansa tun tuni. Ina gayyatar Malam ya zo ranar Alhamis mu zaga da takardar rumfa-rumfa, ya riƙe Faransancin, ya tsayar da ni duk inda na kauce.

Da na mayar wa abokina maƙalar, sai ya jawo tasa takardar ta bara daga ƙarƙashin teburi, ya nuna mani wani layi da ya ce shekara uku yana biyan kontabul bai taɓa gane shi ba: amortissement. Na ce masa motar da yake ɗaukar siminti da ita ba za ta dawwama ba, saboda haka ana raba kuɗin sayenta bisa shekarun da ake sa ran za ta yi aiki, kowace shekara a cire kasonta daga riba tun kafin a ce an ci. Na ce ni da zan sa masa suna, kason tsufa zan ce. Ya jinjina kai, ya ce bai yi masa ba, tsufa na mutum ne. Ya ce mahaifinsa, da yake da raƙuma, in an dawo daga tafiya yakan ware wani abu gefe ya ce wannan na raƙumi ne, ba a taɓawa, don ranar da zai kwanta. Ya ɗauki biro, ya rubuta da ajami a gefen kalmar Faransancin, ƙanana-ƙanana kamar yadda almajiri ke yi a gefen Risala: haƙƙin mota. Sannan ya juya shafi ya ce, "To wannan provision ɗin fa?"